Babban Mutum: Garin da Taswira ta Mayar Ƙarshen Ƙasa

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kunya da Kanya ta ratsa Babura, a Babban Mutum take sallama da Najeriya. Daga nan sai shingen kwastan da na jami'an shige da fice, sai Tinkim a ƙasar Nijar, sai Magarya, sai Damagaram. Wanda ya taso daga Daura kuwa gabas zai nufa, ya wuce Zango da Baure kafin ya iso. A takardun gwamnati garin mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Baure, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar da ke ƙarƙashin masarautar Daura, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da ita Baure ɗin. Ƙidayar 2006 ta ba Baure mutum kusan 200,000. Iyakar abin da ma'aikacin ofis a Katsina zai iya faɗa maka ke nan, sai dai ya ƙara da cewa wurin akwai nisa.

Nisan daga Katsina yake aunawa, ko daga Abuja. Direban da ke jigila tsakanin Kano da Damagaram ba haka yake gani ba. A wurinsa nan ne tsakiyar tafiya, inda ake tsayawa a yi salla, a canza kuɗi, a nuna takardu, a ci abinci. Kuma direban ya fi ma'aikacin kusa da gaskiyar tarihi. Layin da ya sa ake kiran wannan wuri bakin iyaka bai daɗe da cika shekara ɗari ba, ƙasar kuwa da mutanenta da hanyoyinta sun girme shi nesa ba kusa ba.

Tarihin da rijiya ta shanye

Ka ce da ɗan makaranta ya ba ka tarihin Daura, zai fara da Bayajida ya ƙare da Bayajida. Baƙo ya zo daga gabas, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya je Kusugu ya sare kan macijiya, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, aka sami Hausa Bakwai. Labari ne mai daɗi, kuma ya cancanci matsayinsa. Rijiyar tana nan a Daura ana ziyartarta, kuma duk shekara a watan Mauludi ana hawan Sallar Gani. Illar kawai ita ce labarin ya yi girman da ya rufe duk abin da ya biyo bayansa. Garuruwan gabashin masarautar ba su da rabo a cikinsa. Nasu tarihin yana cikin ƙarni na 19, ƙarnin da littafin makaranta ke tsallakewa da layi biyu.

Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci birnin Daura. Sarkin da ya tarar, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Abin da ya bambanta Daura da wasu wurare shi ne tsohon gidan sarautar bai yi nisa ba, kuma bai watse ba. Na Katsina sun tafi Maraɗi, na Zazzau sun gangara Abuja ta da, wadda ake kira Suleja a yau. Na Daura kuwa kewaya ƙasarsu suka riƙa yi. Sun zauna a Yekuwa, sun zauna a 'Yardaje, a zamanin sarakunansu Lukudi da Nuhu, har zama ya tabbata a Zango. Wani reshe na gidan ya kafa tasa sarautar a Baure. Aka wayi gari akwai Daura uku a lokaci ɗaya: ta Fulani a cikin birni, mai biyayya ga Sakkwato, da ta Zango, da ta Baure, kowace da fadarta da masu sarautarta, kowace tana ganin ita ce ta gaskiya.

Wannan al'amari ne ya ja hankalin M. G. Smith, masanin nan ɗan ƙasar Jamaika, mijin Mary Smith da ta rubuta labarin Baba ta Karo. Ya zauna da dattawan Daura a ƙarshen shekarun 1950, littafinsa mai suna The Affairs of Daura ya fito a 1978. Da Turanci yake, yana da kauri, kuma samunsa a kasuwar littattafai ta Arewa sai an sha wuya. Abin takaici ne a ce jikokin waɗanda suka ba da labarin su ne suka fi kowa rashin ganinsa.

Ƙasar da Babban Mutum ke zaune a kanta ta ɓangaren Baure ce, kuma duk wanda ya dubi inda take zai gane irin zaman da mutanenta suka yi. A kudu ga Kano da ribaɗinta na Babura. A yamma ga Daurar Fulani, ga Kazaure ta gidan Ɗantunku. A gabas ga Gumel, mai kallon Borno. A arewa kuma ga Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimu, da ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ta zama abin tsoro. Tanimu ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara 'yan bindiga, har igwa aka riƙa ƙerawa a Damagaram. A rabin ƙarshe na ƙarnin Zango da Baure duk sun shiga hannunsa, can suke kai gaisuwa. A zamaninsa ne kuma Masallaci, ɗan gidan sarautar Daura, ya kafa Magarya. Ashe garin da ɗan Babban Mutum ke nuna takarda kafin ya shiga a yau, jinin Daura ne ya kafa shi.

Zama tsakanin manya ba daɗi. Idan Damagaram ta ɗaura yaƙi da Kano, kamar yadda aka yi ta yi a shekarun 1890 zamanin Amadu Kuren Daga, ta wannan sashe dawaki ke bi, kuma rundunar da ke tafiya ba ta tambayar gonar wane ce. Manomi na noma da kwari da baka a gindin itace. Ba a kwana a tunga, sai cikin gari mai kafi ko ganuwa. Wanda aka kama a daji yana iya farkawa a kasuwar bayi. Shi ya sa idan tsoho a wannan yanki ya nuna maka wani fili mai tsofaffin kukoki da fasassun kasake ya ce nan kufai ne, bai kamata ka wuce da sauri ba. Kuka ba ta cika taruwa a wuri banza ba, mutane ne ke tara ta. Inda ka gan su cunkus babu gida, an taɓa yin gari, kuma akwai dalilin tashinsa: ko hari, ko rijiya ta ƙafe, ko annoba, ko rikicin sarauta.

Yadda aka ja layin

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Ingilishi sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Amma rabon ƙasar an fara shi tun kafin ɗayansu ya taka ta. A 1890 aka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 aka gyara. Faransawa suka ga rabon ya bar su da hamada, babu hanya mai rijiyoyi da za ta sada su da Damagaram daga yamma, suka dawo teburi. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta matsa musu kudu, su kuma suka saki wani haƙƙin kamun kifi da suke da shi a gaɓar Niyufanlan, can kusa da Kanada. Wannan ba zolaya ba ce. Kifin tekun da babu Bahaushen da ya taɓa ɗanɗanawa yana cikin abin da aka auna kafin a yanke wace rijiya za ta faɗa hannun wa.

Bayan wata yarjejeniyar ta 1906, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar da ƙafa da doki daga 1906 zuwa 1908, suna kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Chadi, tsawon kusan kilomita 1,500. A sashen Daura da Magarya mutane na kiran turakun ƙarfen da ke nuna iyaka tangaraho. Kana iya ganin guda a tsakiyar gona, gero a dama gero a hagu, mai gonar ɗaya.

A 1906 ɗin dai Turawan Ingila suka yi abin da ba su saba yi ba a daular Sakkwato. Suka sauke Murnai, sarkin Daura na gidan Fulani, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da tsohon gidan kan gadonsa bayan shekara ɗari. Daura uku ta koma ɗaya, Zango da Baure suka zama gundumomi. Abdurrahman ya gaji Malam Musa a 1911, ya yi shekara 55 a kan karaga. Muhammadu Bashar ya hau a 1966, sai Umar Faruk Umar a 2007. Amma Daurar da aka haɗe ba ta cika ba. Yekuwa, inda sarakunan suka yi gudun hijira, ta faɗa hannun Faransa tare da Magarya, 'Yardaje kuma ta zauna a hannun Ingila, alhali tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Waɗannan ƙauyuka biyu ne Ba'amurken nan William Miles ya zauna a cikinsu ya rubuta Hausaland Divided, wanda ya fito a 1994. Duk abin da ya gani a can na rabuwar dangi tsakanin gwamnati biyu, mutumin Babban Mutum ya san irinsa a gidansu.

Mulkin Turawan biyu bai zama iri ɗaya ba, kuma talaka ya fi kowa sanin bambancin. A gefen Ingila sarki da hakimi da dagaci da alƙali suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin En'e, Bature na can baya. A tsallake kumandan ne da kansa, ga aikin dole na gina hanya da bariki, ga ɗaukar soja, ga haraji mai nauyi. Wanda abin ya isa sai ya jira dare, ya ɗaure kayansa a jaki, ya tsallako da iyalinsa wurin ɗan'uwa. Garuruwan da ke wannan gefe na layin sun sami jama'a da yawa ta haka. Sai a 1946 Faransa ta soke aikin dole a ƙasashen da take mulka. Har yau akwai tsofaffin da idan za su ce wani ya tafi Nijar sai su ce ya tafi Faransa.

Ban ce wannan gefen aljanna ba ne. Dogarai sun yi duka, an yi gwanjon akuyar wanda ya kasa biyan haraji, an ƙirga shanun Fulani an karɓi jangali, kuma ba a 1960 aka daina ba. Sai a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna. Ita kanta hukumar da ake kai wa kuka ta yi ta ƙaura: Lardin Katsina daga 1934, jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, Kaduna a 1976, Katsina a 1987. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 kuma sai Babura da ke maƙwabtaka ta bar Kano ta koma Dutse.

Gyaɗa, jaka da shinge

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta mamaye ƙasar rairayi. Ƙasar Magarya ta zama cikin manyan wuraren gyaɗa na Nijar, kuma da yake Nijar ba ta da teku ba ta da jirgin ƙasa, ta Kano gyaɗarta ke fita zuwa Legas. Hanyar ayari ta koma hanyar manyan motoci. Manomi kuwa ya iya lissafinsa: inda sikeli ya fi tsoka a wannan kakar, can buhunsa zai kwana, ko da layi ko babu. Farin 1973 da 1974 ya karya wannan harka, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa ta. Yau gero da dawa da wake da riɗi su ne ƙarfin gona.

Abin da bai mutu ba shi ne ciniki. Daga arewa shanu da tumaki da raƙuma da wake da kanwa da dabino ke gangarowa. Daga kudu hatsi da robobi da atamfa da taki da kayan masarufi ke hawa. Kasuwannin iyaka na wannan sashe sarƙe suke da juna, Mai'aduwa ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, ta Babban Mutum tana tsakaninsu, kuma dillali ɗaya na iya cin su duka a mako.

Ka tsaya kusa da teburin ɗan canji ka ga aiki. Damin naira a gefe ɗaure da roba, sefa a ɗaya gefen, waya a kunne yana jin yadda farashi ya kwana a Kano. Baƙo a nan yake fara ruɗewa. Mutumin Nijar ba ya ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala yake lissafi, kowace dala sefa 5. Idan ya ce dala 20, sefa 100 yake nufi, idan ya ce jaka guda, sefa 1,000 ce. Ɗan Najeriya kuwa jakarsa naira 200 ce, gadon zamanin da fam 100 ke cika jaka, kafin naira ta zo a 1973 a mayar da kowane fam naira 2. Yaron da ya tashi a nan yana juya lissafin nan biyu a kansa kafin ka buɗe kalkuleta. Ya kuma san abin da ake koyarwa a jami'a game da darajar kuɗi ba tare da ya shiga aji ba. Da aka karya sefa da rabi a Janairun 1994 dabbar Nijar ta yi araha ga mai naira. Da naira ta faɗi a 'yan shekarun nan sai abin ya juya, mai sefa ya zama shi ne mai ciko a kasuwar hatsi.

Sai kuma rufe iyaka, wanda a nan ya zama kalanda. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan shugaban. Ga shi kuwa ɗan Daura ne, wanda da bakinsa ya sha faɗin cewa yana da dangi a Nijar. Bayan ya dawo mulki, a Agustan 2019 ya sake rufewa, a wannan karon saboda shinkafar waje, kuma a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Abuja an yi dokar ne don masu fasa-ƙwauri. A garin iyaka kuwa mai injin niƙa da ɗan acaɓa da mai kai mara lafiya asibiti su suka fara jin ta a jika. Da aka fara buɗewa a Disamban 2020, Maigatari da Illela aka zaɓa a Arewa, Jibiya ta biyo baya a 2022. Ba a gama numfasawa ba sojojin Nijar suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, shinge ya sake sauka har zuwa Maris na 2024.

A duk waɗannan lokuta ba a daina zuwa biki da suna da jana'iza ba. Babbar mota ce ke tsayawa, babur da amalanken shanu sun san hanyar cikin gona. Abin da rufewar ke ƙarawa shi ne yawan hannun da za a cika kafin a wuce, da tsadar kwanon gero.

Abin da ya rage a ƙasa

Idan ana maganar kayan tarihi hankali na tafiya ga fada da ganuwa da takobi. Ƙaramin gari ba shi da waɗannan, ko kuma nasa sun zube. Soron ƙasa mai azara yana ba bulo da kwano wuri, kuma ba zan ga laifin wanda ya gaji da yaɓe duk shekara ba. Amma akwai gadon da ba a kula da shi don kullum ana ganinsa.

Na farko itace ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, ya yi kore da rani. Don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da ke hutawa a gindinsa kuma su ƙara wa wurin taki. Manomin wannan ƙasa ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Bayan farin shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon da ya fito da kansa a gona, suna sassabe shi suna rainonsa maimakon su tumɓuke. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai kadada miliyan 5, kuma sashen da ke daura da Baure yana cikin inda abin ya fi kyau. Duniya ta yi ta zuwa kallo tana rubuta rahoto. Ilimin kuwa na kakanni ne, iri ɗaya a gefe biyu na tangaraho.

Na biyu rijiya. Kusugu ta yi suna, amma kowane tsohon gari yana da tasa, kuma a ƙasar rairayi ba a kafa gari sai an sami ruwa. Ka dubi itacen da aka gitta a bakin tsohuwar rijiya, ka ga yadda igiyar guga ta sassaƙa masa ramuka, wani zurfin yatsa, wani har ya kusa raba shi. Wanda ya haƙa ta, da unguwar da ta fara sha, da dalilin da ya sa ake kiranta da sunan da ake kiranta, galibi su ne farkon labarin garin. Yanzu da famfon tuƙa-tuƙa da mai aiki da hasken rana suka shigo, ana rufe tsofaffin rijiyoyi don kada yaro ya faɗa, labarinsu kuma yana bin su.

Sauran suna cikin mutane. Gidan limanci da gidan dagaci suna riƙe da jerin sunayen waɗanda suka gabata. Sarkin pawa da sarkin aska da sarkin maƙera da sarkin noma kowannensu ya san daga inda kakansa ya zo. Maroƙi da makaɗi suna ɗauke da asalin gidaje a cikin kirari. Tsofaffin mata sun fi kowa sanin wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wance, wace ce aka kai tsallake, kuma ba a cika tambayarsu ba. A cikin gafakar malamai akwai kundi da wasiƙun ajami, wani lokaci da ranar haihuwa ko rasuwa a gefen shafi. A ƙasan adaka akwai rasiɗin haraji da katin jam'iyyar NEPU ko NPC da hoton wanda ya tafi Makka ta ƙasa. Gara da ɗigon ruwa suna cin rabonsu duk damina.

Tambayar tsoho ma sai an iya. Ka zo da takarda da biro ka ce, "Baba, a wace shekara aka yi kaza?" zai ce maka Allah ne masani, hira ta mutu. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka zauna ƙasa, ka ce, "Baba, lokacin canjin hannu kuna da aure?" sai ka ga ya gyara zama. Shekarunsa suna da sunaye. Iyayensa sun ba shi labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Shi ya ga zuwan Sarauniya a 1956, ko ya ji labarinsa da zafinsa. Ya san canjin hannun tuƙi na 1972, da zuwan naira, da kuɗin Udoji, da shekarar da aka kwashi yara zuwa makarantar UPE a 1976, da canjin kuɗin Buhari. Aikin mai bincike ne ya jera waɗannan ya sa musu lamba. Kuma lokaci ba ya jira. Wanda ya yi wa Faransa aikin dole yana saurayi kafin 1946, in yana raye, ya haura shekara 90.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya zai bi. Ba zai bi ta Babban Mutum ba. Idan ya fara aiki wasu kayan da ke bin hanyar Babura za su iya komawa yamma, kamar yadda mota ta taɓa kashe zangunan ayarin da kwalta ba ta bi ta kansu ba. Garin da ciniki ya raya ya kamata shugabanninsa su sa ido a kan wannan tun yanzu.

Rubutaccen tarihin yankin a warwatse yake, kuma rabon 1906 ne ya warwatsa shi. Rahotannin da jami'an Ingila suka rubuta a kan gundumomi, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan masu biyan haraji da rijiyoyi, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ga kuma Gidan Arewa a nan Kadunan, ga Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. Na ɓangaren Magarya da Faransanci suke, a Yamai da Damagaram, haka ma littafin André Salifou na 1971 a kan daular Damagaram a ƙarni na 19. Ɗalibin Katsina ba ya karanta na can, ɗalibin Damagaram ba ya karanta na nan, kowa ya rubuta rabin labari ya karɓi digirinsa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, jami'ar da aka sa wa sunan shi André Salifou tana Damagaram. Ɗalibi biyu sun isa a fara, ɗaya mai Turanci ɗaya mai Faransanci, dukansu masu karanta ajami, da wasiƙar gabatarwa daga fadar Daura da ta Magarya, da waya mai ɗaukar murya. Su fara bayan an gama girbi, lokacin da dattawa ke da sukunin zama, kafin samari su watse cirani.